Ruwan Chinatown: an yi shi da gaske, ni ma na ga irinsa a gidanmu

Malam, tun daren jiya na ga tambayarka, na kasa cewa komai sai yanzu. Ka ce ka kalli fim ɗin Chinatown, ƙarshensa ya tsaya maka a rai, kana so ka san ko satar ruwan da aka nuna a cikinsa ta faru ko ƙirƙira ce, kuma don me aka bar Noah Cross, mugun attajirin fim ɗin, ya tafi salin-alin. Wallahi kamar ka leƙa zuciyata. Ranar da na fara kallonsa, abincin dare ma kasa ci na yi.

Ta faru, sai dai ba a 1937 ba kamar yadda fim ɗin ya nuna. Robert Towne da ya rubuta labarin shi ya jawo lokacin gaba. Asalin abin a 1905 ne, lokacin da Fred Eaton, tsohon magajin garin Los Angeles, ya shiga kwarin Owens yana sayen gonaki da haƙƙin ruwansu. Manoman wurin suna zaton aikin ban-ruwa na gwamnatin tarayya za a kawo musu, ashe birni ake saya wa. William Mulholland, shugaban hukumar ruwan birnin, ya gina hanyar ruwa daga kwarin zuwa Los Angeles mai tsawon kilomita 375, aka buɗe ta a Nuwamba 1913. Kafin ruwan ya iso, wasu manyan gari, cikinsu har da Harrison Gray Otis mai jaridar Los Angeles Times, sun riga sun mallaki filaye a kwarin San Fernando, busasshiyar ƙasa. Ruwa na zuwa ƙasar ta zama zinariya, a 1915 aka haɗe ta da birnin. Tafkin Owens kuwa ya ƙafe, ya koma ƙura.

Nan ne abin ya taɓa ni. Ina ɗan shekara goma sha huɗu wani mutum ya fara zuwa wurin mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa. Ba baƙo ba ne, masallaci ɗaya suke salla, Baba yana kiransa ƙanensa. Zai zo da goro, ya zauna a tabarma ɗaya da Baba, ya ce, "Yaya, rafin nan ya mutu, shekara uku ke nan kana zuba kuɗin taki ba ka ɗiba. Ka sayar ka huta, ni zan nemo maka mai saye saboda zumunci." Bai zo sau ɗaya ba, bai zo sau biyar ba. Har ciwon Inna ya sa a cikin maganar, wai kuɗin magani. Baba ya sayar da fadamar da ya gada a kan kuɗin da bai kai na shanu biyu ba. Damina biyu tsakani aka jawo ruwa ta gefen gonar. Mutumin nan ya sani tun ranar da ya fara kawo goro. Kuma sunan da ke takarda ma ba nasa ba ne, na direbansa ne. Shi ya sa wurin da Gittes, mai binciken da ke cikin fim ɗin, ya je gidan tsofaffi ya tarar an sayi dubban kadada da sunayen bayin Allah da ba su san komai ba, sai da na tsayar da fim ɗin na fita waje.

Abin da ban taɓa mantawa ba shi ne wata safiya da na bi Baba muka je wajen. Bai ce mini komai ba a hanya. Tumatir ya yi jajir a inda muke shuka albasa. Ya tsaya a bakin kunya yana kallo, hannunsa a baya. Sai wani yaro mai gadi, wanda bai kai yayana ba, ya daka masa tsawa ya ce ya matsa kada ya taka shuka. Baba ya ce, "To, yaro, yi haƙuri." Shi ya ba da haƙuri! Muka juyo. Ranar Juma'ar makon mutumin nan yana sahun gaba, ya miƙo wa Baba hannu, Baba ya karɓa. Har Baba ya rasu bai taɓa ambaton sunansa da sharri ba. Ni ne na kasa. Har yau in na gan shi a ɗaurin aure sai na canza wurin zama.

Don haka da ka ce me ya sa mugu ya ci bulus, ni ban ga ƙarya a ciki ba. Towne ya so ƙarshe mai ɗan sauƙi, inda Evelyn, 'yar Cross, za ta rayu. Roman Polanski, daraktan fim ɗin, ya ƙi, kuma ka tuna a Los Angeles ɗin aka kashe matarsa Sharon Tate a 1969, shekara biyar kafin fim ɗin ya fito. Manoman Owens ma ba zama suka yi ba. A 1924 sun sa wa hanyar ruwan nakiya, suka kuma mamaye ƙofar ruwa ta Alabama Gates na 'yan kwanaki suka saki ruwan. A 1927 bankin 'yan'uwan Watterson da ke riƙe da su ya durƙushe, gwagwarmayar ta mutu tare da shi.

Amma kada ka ɗauki komai a matsayin tarihi. A fim an kashe Mulwray, wanda aka siffanta da Mulholland, amma ba wanda ya kashe Mulholland, sai 1935 ya mutu. Maganar Cross da 'yarsa ƙagaggiya ce, kuma saboda ita kada ka kalle shi da yara ko iyaye a ɗaki. Madatsar da Mulwray yake cewa ta karye, a zahiri madatsar St. Francis ce, ta fashe cikin daren 12 ga Maris 1928, mutum fiye da 400 suka halaka, kuma Mulholland ya duba ta a ranar ya ce lafiya take. Shi dai ya fito ya ɗauki laifin, wannan na ba shi.

Ka sake kallonsa, amma da rana, kada ka kwanta da shi a rai. Kuma don Allah, in iyayenka suna da gona ko fili, ka je ka ga takardun da idonka, ka ɗauki hotonsu. Duk wanda ya zo yana gaggawar saye, musamman na gida, ku ce sai an yi shawara. Da an tambayi ko mutum ɗaya a cikin gari, da Baba bai sa hannu ba. Ni ina yaro, ba wanda zai saurare ni, amma har yanzu ina jin kamar da na yi magana.

In ka sake kallo, ka lura da farkon fim ɗin, wurin da wani makiyayi ya koro tumakinsa cikin zauren majalisar birni yana ihu an sace musu ruwa, mutanen zauren suna dariya. Minti ɗaya ne ko bai kai ba, yawancin masu kallo ba sa tuna shi. Ka dubi fuskarsa. Ni shi nake komawa in kalla, don mahaifina ko ihun nan bai samu ya yi ba.