Zaɓen Motar Gida Domin Zama Bayan Ritaya a Amurka

Malam, kun tambaya wace irin motar gida, wato motar da ake zama a cikinta kamar gida, ce za ta dace ku da maiɗakinku ku koma cikinta baki ɗaya bayan kun ajiye aiki a Amurka.

Iri uku ne. Class A girmanta kamar babbar bas, tana da yalwa amma tana shan mai, kuma sansanoni da dama a gandayen dajin gwamnatin tarayya ba sa karɓar doguwar mota. Class B ƙarama ce, ta yi wa mutum biyu kaɗan idan zaman shekaru ne. A ganina Class C, mai gado a saman mazaunin direba, ita ce tsaka-tsaki, sai dai ku tuna hawa wancan gadon ba na mai ciwon gwiwa ba ne.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne duba kyan ciki a manta da nauyin da aka halatta wa motar ɗauka, domin ruwa kaɗai, lita 100 kilo 100 ne. Idan ta hannu za ku saya, ku kira ƙwararre ya binciki rufi saboda yoyo yana ruɓar da bango a ɓoye, ya kuma duba shekarun tayoyi ko da ba su suɗe ba.

Kafin ku sayar da gida, ku yi hayar irin motar na wata guda. Batun jihar da za ku yi rajistar motar da adireshinku kuwa, da yawa suna zaɓar Texas, Florida ko South Dakota saboda ba su da harajin kuɗin shiga na jiha, amma ku fara tuntuɓar masanin haraji da na inshorar lafiya.