Hukuncin Waƙa da Zane a Kan Yaƙi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina rubuta waƙoƙi, ina kuma zane. Na ga yaƙi da idona, kuma in ba ta wannan hanyar ba na kasa faɗin abin da ke raina. Wasu sun ce tada fitina nake yi. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya sanyaya zuciyarka ɗan'uwa, Ya jiƙan waɗanda aka rasa.

Asalin aikinka halal ne, akwai ma lada idan niyya ta gyaru. Allah Ya zargi mawaƙa a ƙarshen Suratus Shu'ara'i, amma a aya ta 227 Ya ware muminan da suka rama bayan an zalunce su. Aya ta 148 a Suratun Nisa'i kuma ta bai wa wanda aka zalunta damar bayyana kukansa. Annabi (SAW) da kansa ya umurci Hassanu ɗan Sabitu ya mayar wa mushrikai martani da waƙa, ya ce masa Jibrilu na tare da shi.

Sai dai ka lura da wani abu a ƙissar Hassanu, don nan mawaƙa da yawa ke zamewa. Da zai zambaci Ƙuraishawa, Annabi ya tuna masa cewa shi Annabin ma jininsu ne. Hassanu ya ce zai zare shi daga cikinsu kamar yadda ake zare gashi daga ƙullu. Kenan ko ana tsakiyar gaba ba a yi wa mutane kuɗin goro. Ibnu Majah ya rawaito daga Nana A'isha cewa cikin mafi girman masu ƙirƙirar ƙarya akwai wanda zai zambaci mutum ɗaya ya haɗa da ƙabilarsa duka. Ka ambaci zaluncin da wanda ya aikata shi, in ka tabbatar. Waƙar da za ta sa yaro ya tsani wata al'umma baki ɗaya haramun ce ko da baitocinta na sa hawaye, domin baiti yana daɗewa a bakin mutane bayan an ajiye makamai, kuma wannan ne ya fi ba ni tsoro.

Marsiyya, wato waƙar juyayin mamaci, ta halatta, muddin ba ta kai ga kururuwar jahiliyya da fushi da ƙaddara ba.

Zanen rusassun gidaje da ƙonannun gonaki ba shi da laifi. Ibnu Abbas ya ce wa mai sana'ar zane ya riƙa zana bishiyoyi da abin da ba shi da rai. Siffar mutum a takarda an yi saɓani a kanta: Malikiyya ba su haramta ta ba, cikakken mutum-mutumi mai inuwa suka haramta, wasu malaman kuma sun hana duka. Ni na fi natsuwa da ka ɓoye fuska ko ka bar siffar ba cikakkiya ba. Kada ka bayyana tsiraicin gawa, mamaci na da alfarma irin ta mai rai.

Wallahu a'alam.