Amsa: Tsara darasin tarihin Amurka na aji 11

Malam, ka ce an ba ka aji 11 kana tsoron shekara ta ƙare ba ku kai ko'ina ba, kuma kana tambaya kan aikin gida. To tsoronka na kan hanya, malamai da yawa a kan darasin zamanin da Ingila ke mulkin mallaka a Amurka suke cinye lokaci, kafin su farga Mayu ta shigo, shekarar karatu ta kusa ƙarewa, ko yaƙin Biyetnam ba a taɓa ba. Ni dai shawarata ka fara lissafi daga ƙarshe, ka ware sati uku na gwagwarmayar baƙar fata, hukuncin Brown na 1954 da kotun ƙoli ta haramta raba makarantun gwamnati bisa launin fata, da dokar 'yancin ɗan ƙasa ta 1964 da ta hana nuna wariya, sannan ka dawo baya. Yaƙin basasa na 1861 zuwa 1865 da abin da ya biyo baya har 1877 kar ka yi masa rowa, gyaran tsarin mulki na 13, 14 da 15, waɗanda suka soke bauta suka kuma ba baƙar fata 'yancin zama 'yan ƙasa da na zaɓe, daga nan suka fito.

Aikin gida kuwa kar ka ce su karanto babi guda, wallahi ba za su karanta ba. Ba su jawabin da shugaba Lincoln ya yi a garin Gettysburg lokacin yaƙin basasa, bai kai kalma 300 ba, da tambaya biyu kacal. Shafin laburaren majalisar dokokin Amurka na da irin waɗannan takardu kyauta. Amma fa duba manhajar jiharku tukuna, kowace jiha da nata tsarin.