Amsa ga yarona a kan kwashe dusar ƙanƙara da tarakta

Ɗana, ranar Asabar da yamma muna cikin ɗaure bokitin feloda a gareji ka nuna mini bidiyo a wayarka, na wata tarakta a ƙasar Kanada tana tafiya a hankali tana watsa dusar ƙanƙara sama kamar gari daga bakin injin niƙa. Ka ce da katafilarmu aka kai can da kafin azahar an share garin, sannan ka tambaye ni dalilin da ya sa suke ɓata lokaci wajen watsawa, maimakon su ture ta gefe yadda muke ture jar ƙasa a hanyar Dass. Kiran sallar magariba ya katse mu, shi ya sa na zauna na rubuta maka amsa, domin tambayar ta wuce a amsa ta a tsaye.

Ina saurayi, ban girme ka da yawa ba, wurin da na fara aiki ya tura mu horo ƙasar Ostiriya, inda taraktocin Steyr da aka riƙa haɗawa a nan Bauchi suka samo asali, kuma tafiyar ta faɗo a tsakiyar hunturunsu. Abin da na fara ganewa a can shi ne dusar ƙanƙara ba ta da nauyi guda. Jar ƙasa idan ka cika bokiti da ita yau ka sake cikawa gobe, nauyin kusan ɗaya ne, mita ɗaya tsawo da faɗi da zurfi yakan haura tan ɗaya da rabi. Dusar da ta sauko yanzu cikin busasshen sanyi, wannan awon nata bai cika wuce kilo 100 ba, har kana iya hure ta daga tafin hannunka. Amma idan ta kwana biyu ta zauna, ko iska ta danne ta, ko rana ta ɗan narkar da ita, sai ta kai kilo 300 zuwa 500, idan kuwa ta narke ta sake daskarewa ta zama ƙanƙara sosai, ta haura kilo 900, kuma a lokacin garma ba ta shigarta sai dai ta riƙa zamewa a kanta. Saboda haka aikin da ƙaramar tarakta za ta gama da asuba cikin sauƙi, idan aka bar shi zuwa jibi babbar feloda ma sai ta yi nishi. Masu sana'ar ba sa jira ta gama sauka. Suna fita tun tana zuba, su share, su dawo su sake sharewa, wani lokaci sau uku ko huɗu a dare ɗaya.

Yanzu ga maganar turewa. Ana turewa ƙwarai, kuma yawancin aikin ma da garma ake yin sa, wadda ake ɗaurawa a gaban tarakta ko babbar mota, a karkata ta kamar digiri 30 don dusar ta riƙa gangarewa gefe ɗaya, daidai da yadda kake karkata wuƙar gireda idan kana gyaran kafaɗar hanya. Akwai kuma garma mai hanci kamar gaban jirgin ruwa, wadda ke raba dusa gida biyu, ita ake fara shigarwa idan hanya ta toshe gaba ɗaya. Matsalar tana wajen inda za a ajiye abin da aka ture. Ka yi lissafi da kanka: hanya mai tsawon kilomita ɗaya da faɗin mita 7, dusa ta rufe ta da zurfin santimita 30, ka ga awo 2,100 ke nan, kowane awo mita ɗaya tsawo da faɗi da zurfi, wato sawu 210 na tifa mai ɗaukar awo 10. Mu nan idan mun ture ƙasa gefe mun gama da ita. Su kuwa wadda suka ture a Disamba tana nan ba ta narke ba har Maris, ta mako mai zuwa kuma tana tafe, don haka kowace turewa tana ƙara tsayin bango a gefen hanya tana rage faɗinta, har a kai lokacin da garma ba ta iya jefa komai bayan bangon. Direban da ya san aikinsa tun a zubowar farko yake tura tarin can nesa, ya bar fili don na baya, kuma yana lura da inda iska ke fitowa, domin tari a ɓangaren da iska ke tahowa yakan sa ta sake cika hanyar kafin gari ya waye. Wanda ya ga yadda iskar hunturu ke tara yashi a gindin danga ya san abin da nake nufi.

A nan injin watsawa yake shigowa, wanda ka gani a bidiyon. Wani mutumin yankin Montreal mai suna Arthur Sicard ne ya ƙera shi a 1925, ya ɗauko dabarar daga injin sussukar hatsi, ya sayar da na farko a 1927. Aikinsa hawa biyu ne. A gaba akwai ƙarfe mai murɗiya kamar na cikin injin markaɗe, shi ke yankan dusar yana janyo ta tsakiya, a bayansa kuma akwai farfela mai gudu wadda ke harba ta ta cikin bututu, direba yana juya bakin bututun inda yake so. Sandar juyi ta bayan tarakta, wadda muke haɗa injin yankan ciyawa da ita mai juyi 540 a minti, ita ce dai ke juya shi. Tafiyar hawainiyar da ka gani dole ce, saboda injin yana buƙatar cikakkiyar wuta don farfela ta harba nesa, ita kuwa taraktar sai ta shiga ƙaramar giya don kada ta cusa wa injin fiye da abin da zai iya haɗiyewa. A cikin birni, inda babu filin da za a harba ta, tifa ce ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da injin yana zuba mata. Birnin Montreal yana samun dusa kimanin mita biyu a shekara, kuma haka suke kwashe ta su kai wuraren da aka keɓe, har da wani tsohon ramin fasa dutse. Katafila tana da nata wurin: a hanyar dutsen Tateyama ta ƙasar Japan, wadda ake buɗewa a tsakiyar Afrilu, katafiloli ne ke sassaƙe dusa daga sama da taimakon tauraron ɗan'adam da ke nuna musu inda kwalta take a ƙasa, har bangon gefen ya kusa mita 20 a shekarar da ta zuba da yawa. Amma ka saka tamu a titin gari, kafin azahar ɗin da ka ambata ta kwashe kwaltar tare da dusar.

Abu biyu game da injin watsawa nake so su zauna maka, domin suna da 'yan'uwa a aikinmu na nan. Akwai wata ƙusa da aka yi ta da laushi da gangan, don idan murɗiyar ta haɗiyi dutse ko icce ita ce za ta karye, giya ta tsira. Wanda ya gaji da sauya ta ya sa mai tauri, ranar da ya haɗu da dutse akwatin giyar ne zai tarwatse. Na biyu, idan jiƙaƙƙiyar dusa ta toshe bututu, ba a taɓa sa hannu, ko da an kashe inji, saboda farfelar takan riƙe ƙarfi ta zabura da zarar abin da ya tokare ta ya fita. Sanda ake sawa.

Sai maganar riƙon ƙasa, wadda a kanta na ji kunya. A kan ƙanƙara ƙarfin inji ba ya amfanar da komai idan taya ba ta kama ba, shi ya sa ake ɗaura wa tayoyi sarƙa, a rataya nauyi a baya don ya daidaita garmar gaba. Ruwan da muke ɗura wa tayar tarakta don ƙarin nauyi, a can sai an haɗa shi da abin da zai hana shi daskarewa. Sarƙar katafila ma, wadda kake gani kamar ba abin da zai zamar da ita, a kan gangare mai ƙanƙara takan sulale ta gefe gaba ɗaya, sai an yi wa haƙoranta walda da 'yan guntayen ƙarfe. Wata safiya aka ba ni tarakta in share hanyar shiga wata gona. Ko'ina fari fat, babu bambanci tsakanin hanya da kwata da fili, na ga wasu dogayen sanduna masu jan kai a jere ban kula da su ba, na ɗauka shinge ne da ya lalace. Na matsa dama don in faɗaɗa hanyar, sai tayar gaba ta nutse cikin rami har gatari, garmar ta kafe, ni kuma ƙirjina ya daki sitiyari. Dattijon da ke koya mana bai yi faɗa ba. Ya zo ya dafa ɗaya daga cikin sandunan ya dube ni, na gane cewa tun kafin dusa ta fara sauka ake kafa su don su nuna bakin hanya, kuma direba yakan zagaya wurin aikinsa tun kaka ya haddace inda kwalbati da murfin rami da famfon kashe gobara suke. Don abin da ke ɓoye ne ma ake sa wa bakin garma sifirin, idan ta daki wani abu ta lanƙwashe ta haye shi, da kuma takalma a ƙarƙashinta don kada ta kankare tsakuwar hanya.

Duk wannan sai inji ya tashi tukuna. Mu sanyin da muke kuka da shi a watan Janairu bai kai ya daskarar da ruwa ba, shi ya sa muke zuba ruwan rijiya a lagireto mu kama gabanmu. Ruwa idan ya daskare yana kumbura da kusan kashi 9 cikin ɗari, wanda ya isa ya tsaga jikin inji cikin dare ɗaya, don haka suke haɗa shi rabi da rabi da maganin hana daskarewa, wanda ke riƙe shi har wajen digiri 37 ƙasa da sifili. Man dizal yana da kakin da sanyi ke fito da shi, ya yi kauri ya toshe filta, saboda haka gidajen mai suke sauya shi da na hunturu. Baƙin mai 15W-40 da muke zubawa, harafin W ɗin nan hunturu yake nufi, kuma a wuraren tsananin sanyi sukan koma 5W ko 0W don man ya iya zagayawa da safe. Da yawa suna jona jikin injin da lantarki ya kwana da ɗumi, da safe kuma a ɗaga garma a sauke sau da yawa babu kaya har man haidirolik ya saki.

Gishirin da ake barbaɗawa bayan an share hanya yana aiki sosai har zuwa wajen digiri 9 ƙasa da sifili, idan sanyi ya wuce haka sai a koma yashi da tsakuwa ko wani sinadarin da ya fi shi ƙarfi. Gishirin nan ne ke cin ƙarfen motocin ƙasashen dusa, kuma shi ya sa nake sa ka shiga ƙarƙashin duk motar tokumbo da aka kawo mana ka ƙwanƙwasa shasi da guduma kafin mu faɗa wa mai ita kuɗin gyara.

Ranar Litinin idan ka zo, kafin ka taɓa bokitin nan, ka ɗaga murfin batirin feloda ka karanta lambar da ke kusa da haruffan CCA. Ita ce yawan wutar da batirin zai iya bayarwa na daƙiƙa 30 a sanyin digiri 18 ƙasa da sifili. Ka rubuto ta, ka rubuto ta taraktar da ke bayan gareji, zan nuna maka dalilin da ya sa suka bambanta.