Ku Tambaya Mu Amsa: Hunturu ya kulle ni a ɗaki, siyasa ta hana ni barci

Jama'a barkanmu da sanyi. Wannan makon saƙonnin da suka shigo kusan duk hazo ne da mura da siyasa kamar an haɗa baki, sai na ɗebo guda uku. Baiwar Allahn da ta tambayi maganin faso ta yi haƙuri da gajeriyar amsa, man kaɗanya ne a shafa in za a kwanta a ɗora safa, babu wani sirri bayan wannan.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni tsohon malamin firamare ne na yi ritaya, ina zaune a Gwammaja. Ina fama da asma, to tunda hazon nan ya sauko yau kwana goma sha ɗaya kenan ko masallacin layinmu ban leƙa ba. Daga gado sai tabarma, sai rediyo a kunne tun asuba har sha ɗayan dare ina jin sojojin baka suna ta yi wa juna tas, wannan ya sauya sheƙa wancan ya ajiye hula, ga rigimar masarauta ga tsadar rayuwa, fanshona ko buhun shinkafa baya saye. Jiya ɗana na uku da ya gama digiri yake jan adaidaita ya shigo min da shayi, yake cewa wai shi ya rantse ba zai ƙara bin layin zaɓe ba, gara ma soja su zo kamar yadda akai a Nijar. Wallahi Malam na buɗe baki zan masa faɗa sai na rasa abin cewa don ni ma abin yana raina, ni da mahaifina ya sha ɗauri saboda jam'iyyar NEPU. Shin dimokuraɗiyyar nan akwai sauran abin da ya rage a cikinta ko mu haƙura kawai? Kuma ya zan yi da tunanin nan da ke hana ni barci?
Daga wani dattijo, Gwammaja.

AMSA: Wa alaikumus salam Baba, sannu da jiki, Allah Ya ƙara sauƙi. Bari in fara da ƙirjin tukunna don sai da numfashi ake siyasa. Inhelarka kar ta yi nisa da matashin kai, in za a share ɗakin a yayyafa ruwa kafin a sa tsintsiya kuma kai ka koma wani ɗakin, a rage turaren wuta da maganin sauro mai hayaƙi a inda kake kwana. In hantsi ya dubi ludayi rana ta ɗan fito, ka sa takunkumi ka fito tsakar gida ko minti ashirin ne ka sha ta. In kaga inhelar ta daina kwantar da abin ko magana tana yanke maka a tsakiya, wannan ba na zama a gida bane, a tafi asibiti a lokacin.

Toh sai maganar yaronka. Ni ba zan ce masa ƙarya yake ba, wanda ya yi digiri yana jan adaidaita, tun 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin mai kullum balas yana neman gagararsa, ai dole ransa ya ɓaci. Amma maganar soja Baba kai ya kamata ka bashi labari don ka fi ni gani. Ni ina ɗan aji huɗu a firamare akai juyin mulkin 31 ga Disamban 1983, ranar Asabar, cikin irin wannan muku-mukun. Ina tuna babanmu a soro ya lulluɓa da bargo ga kaskon wuta a gabansa, yana ta murɗa rediyo ba komai sai badujala, can sai muryar Birgediya Sani Abacha, ɗan garin nan na Kano, yana sanar da cewa an kifar da gwamnatin Shagari. A layinmu har da masu tafi da guɗa. Sabo Bakin Zuwo wata uku kacal ya yi a kujerar gwamna. Ba a daɗe ba muka koma bin layin madara da sabulu ga soja tsaye da bulala, a 1984 aka kawo doka ta 4 aka ɗaure 'yan jarida biyu, Tunde Thompson da Nduka Irabor, kan labarin da suka buga. Waɗanda suka shigo a daren nan ɗaya, shekara goma sha biyar da 'yan watanni aka yi ana miƙa mulki daga kaki zuwa kaki, in ka cire 'yan watannin gwamnatin riƙon ƙwarya ta Shonekan, sai 29 ga Mayun 1999 suka koma bariki. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, dubu kuma ba ta fitar da shi. Nijar ɗin da yake buga misali da ita, an kifar da Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023, a Maris ɗin 2025 aka rantsar da Janar Tiani na shekara biyar aka kuma rushe jam'iyyu gaba ɗaya. Ko mulkin ya yi daɗi ko bai yi ba wannan 'yan Nijar ne za su faɗa, tambayata ga yaron ita ce ranar da ka gaji da su ta wace ƙofa zaka fitar da su?

Mu a nan ƙofar tana nan duk da ta sha tsatsa, kuma Kanawa sun fi kowa sanin yadda ake tura ta. A 1993 Bashir Tofa ɗan gida ne amma Abiola ne ya ci jihar Kano. A 2003 gwamna mai ci, Kwankwaso, ya faɗi a hannun Malam Shekarau wanda tsohon malamin makaranta ne irinka. A 2011 jam'iyyar Shekarau ta faɗi Kwankwaso ya dawo. A 2023 jam'iyya mai mulki ta sake faɗuwa. Sau uku kenan cikin shekara ashirin ana kwashe wa masu gwamnati tabarma da ɗan yatsa da tawada. Ban ce abin tsaf yake ba fa, duk wanda ya ga abin da ya faru a mazaɓar Gama lokacin inkonkulusib na 2019 ba sai an bashi labari ba, haka zullumin da muka sha bayan zaɓen 2023, kotun ƙararrakin zaɓe ta soke wa Abba Kabir Yusuf ƙuri'a 165,663 a watan Satumba har aka sa dokar hana fita, kotun ɗaukaka ƙara ta bi bayanta a Nuwamba, sai ranar Juma'a 12 ga Janairun 2024 kotun ƙoli ta ce Abba ne gwamna. Shi ma cikin hunturu akai, ranar gari ya yi tsit kowa ya maƙale a gida kunne a rediyo. Ko wane ɓangare mutum yake, wata huɗu ana jiran alƙalai su faɗa maka wa ka zaɓa ba abin alfahari bane, ni dai har yanzu abin yana min ciwo.

Amma ga lissafin da nake so ka ajiye wa yaron kusa da kofin shayin. Masu rajistar zaɓe a Kano a 2023 sun haura miliyan 5.9. Abba ya samu 1,019,602, abokin takararsa Gawuna 890,705, ka haɗa su miliyan 1.9 da 'yan kai, tazarar da ke tsakani ba ta kai dubu 130 ba. Wato kusan mutum biyu cikin uku masu kati suna gida ko suna majalisa suna cewa ai an riga an rubuta sakamako. In ya rantse ba zai fita ba bai hukunta kowa ba, mai rabon taliya da atamfa ma daɗi zai ji don ya rage masa kashe kuɗi, yawan mutane a rumfa shi ke sa sayen ƙuri'a tsada.

Batun barci kuma Baba zan faɗa maka gaskiya ko ba daɗi, ba dimokuraɗiyya ce kaɗai ke hana ka barci ba, har da rediyon nan. Da can kana jin shirin siyasa na awa ɗaya ka fita masallaci, ka tsaya wajen mai ƙosai, ka zauna a dakali wani ya ƙaryata labarin wani ya maida shi abin dariya, kafin ka dawo gida ya narke. Yanzu sanyi ya cire maka duk wannan ya bar ka kai kaɗai da mutanen da sana'arsu kenan su tayar wa mai sauraro hankali, da yawansu kuma biyansu ake, wanda ya zagi wane yau gobe kaji shi yana masa kirari kuma ko a jikinsa, kai ne kawai hawan jininka ke tashi. Ka zaɓi labarai sau biyu a rana, safe da yamma, bayan isha'i a kashe. Wayar ma haka, duk muryar da aka turo a WhatsApp da "a yaɗa don Allah" a ƙarshenta ka bar ta ta kwana, in gaskiya ce gobe zaka ji ta a labarai.

Sannan tunda zaman ya zama dole ka rage girman abin da kake tunani. Abuja ta maka nisa, fada ma ba a tambaye mu ba. Jihar nan ƙananan hukumomi 44 ne mazaɓu 484, kowacce da kansilanta, ka tambayi yaron sunan na mazaɓarku, ina kyautata zaton sai ya yi waya ya tambaya. Ranar 11 ga Yulin 2024 kotun ƙoli ta yanke cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, to wa ke tambayar ina aka kwana, kwatar layinku da firamaren da ka koyar ai a wannan kuɗin haƙƙinsu yake. Kai malami ne ka iya rubuta wasiƙa, ka rubuta, dattawan layi su sa hannu, yaron ya kai a adaidaitarsa. Kuma kana Gwammaja, gidan Mumbayya na Malam Aminu Kano yana nan kusa da kai, in hazo ya ɗaga ka sa ya kai ka ku shiga tare. Mutanen da suka kafa NEPU ranar 8 ga Agustan 1950 su takwas ne, ba su ga gwamnatin ra'ayinsu a Kano ba sai 1979 da PRP ta ci Rimi ya hau, shekarar ce ma matan Arewa suka fara zaɓen shugaban ƙasa. Labarin ɗaurin mahaifinka kuwa ka sa jikoki su ɗauke shi a waya tun kana iya tuna sunan alƙalin da gidan yarin, don irin wannan labarin tafiya yake da masu shi.

TAMBAYA: Malam don Allah ka yi wa maigidana magana don yana karanta shafin nan. Tunda sanyi ya kore su daga ƙofar gida majalisarsu ta dawo soronmu, su rufe ƙofa ruf su hura gawayi su yi ta musun siyasa har sha biyu, 'yan jar hula da waɗanda ba sa sawa, ni kuma ina ta dafa shayi fulas bayan fulas. Shekaranjiya har an kusa dambe, shi kuma ya shigo yana cewa kansa na sarawa yana ganin jiri.
Daga uwargida, Kurna.

AMSA: Hajiya musun bai dame ni ba, mutanen da ke zama kan tabarma ɗaya su yi ihu su rabu gobe su dawo su sha shayi a kofi ɗaya ba su ne matsalar garin nan ba. Ciwon kan nan da jirin shi ya ɗaga min hankali. Gawayi in yana ci a rufaffen wuri yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, ta shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar da jiki ke buƙata, alamarta ta farko ciwon kai da jiri da tashin zuciya, daga nan sai barci, kuma mutane sun sha tafiya a haka ba su farka ba. Maigida in kana karantawa, a hura kaskon a waje sai ya zama rushi, a bar ƙofa ko taga a buɗe, in za a tashi a fitar da shi a kashe, kar a kuskura a kai shi ɗakin yara su kwana da shi. Duk wanda ya fara jin jiri a fito da shi iska nan take, in bai warware ba sai asibiti. Shayi kuma tunda dimokuraɗiyya suke so, a yi karo-karon sukari da madara, a sa wa'adi ƙarfe goma, wanda ya ƙi sai a ce zaɓen inkonkulusib ne a ƙarasa gobe.

TAMBAYA: Malam wai daga ina duk ƙurar nan take tasowa? Abokina yace wai gine-ginen gadoji ne da rusau suka jawo.
Daga ɗalibi, Ɗorayi.

AMSA: Ƙanina ka ce wa abokinka ba komai ne gwamnati ba. Aikin titi yana ƙara ƙura a unguwa, amma hazon da ke rufe Dala da Goron Dutse har jirgi ya kasa sauka a filin Malam Aminu Kano daga Sahara yake, mafi yawansa daga wani kwari a arewacin Chadi da ake kira Bodele, tsohon gindin tafkin Chadi ne da ya ƙafe tun dubban shekaru. Iskar arewa maso gabas tana matsowa ta tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi ta kwashi farin garin da ke wajen, wanda asalinsa ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa ne, ta taho mana da shi daga wajen Nuwamba har Maris, wani ma ya tsallake teku har Kudancin Amurka. Shi yasa in ka shafa gilashin mota da safe zaka ga abin fari-fari ne mai laushi kamar hoda, ba ja irin ƙasar Ɗorayi ba.