Gobara ta ci shagona, kamfanin inshora ya ce rabi kawai zai biya

Tambaya: Malam, ina da shagon yadi a Tahoua wanda na yi wa inshorar gobara a kan sefa miliyan 10, kuma ina biyan kuɗina kowace shekara ba fashi. Ana dab da Sallah na cika shagon da kaya, sai wuta ta tashi cikin dare ta cinye na miliyan 8. Ƙwararren da kamfani ya turo ya ce kayan da ke shagon a ranar sun kai miliyan 20, don haka miliyan 4 za a ba ni. Suna kuma cewa na makara wajen sanar da su. Shin doka ta ba su wannan dama?

Amsa: Alhaji, Allah ya mayar da alheri, ya kiyaye gaba. Dokar da ke aiki a kan batunka ita ce kundin dokokin inshora na CIMA (ƙungiyar wasu ƙasashen Afirka mai kula da harkokin inshora), wanda ya samo asali daga yarjejeniyar da aka sanya wa hannu a Yaoundé a 1992, kuma Nijar na cikin ƙasashe 14 da ke bin sa.

Gaskiya ɗaci gare ta: lissafin da suka yi yana da tushe a doka. Sashe na 35 ya tanadi cewa idan darajar kayan a ranar asara ta zarce adadin da aka yi wa inshora, ana ɗaukar mai kaya a matsayin wanda ya ɗauki nauyin sauran da kansa, sai fa idan yarjejeniyarku ta faɗi wani abu dabam. Ka yi wa miliyan 10 inshora alhali kayan sun kai 20, wato rabi ne ka rufe, shi ya sa suke biyan rabin asarar. Wannan ƙa'ida ce ta fi cutar ƴan kasuwarmu, domin kaya na ƙaruwa lokacin azumi da Sallah, takardar inshora kuwa tana nan a aljihun tebur yadda aka rubuta ta tun farko. A ganina wakilan da ke sayar da inshora suna da nasu alhakin, tunda kaɗan ne cikinsu ke zaunar da mutum su fayyace masa wannan kafin ya sa hannu.

Inda kake da ƙarfi shi ne adadin miliyan 20 ɗin nan. Ƙiyasi ne na mutumin da kamfani ya ɗauko, kuma ba dole ba ne ka amince da shi. Yawancin yarjejeniyoyin gobara suna ba ka damar ɗauko naka ƙwararren, idan kuma suka saɓa a kira na uku ya raba gardama. Ka tattara rasiɗan saye, takardun kwastan, littafin ciniki da hotunan shagon, har da bandiran yadin da suka ƙone rabi. Kada ka zubar da ko ɗaya. Idan ka tabbatar da cewa kayan miliyan 14 ne, haƙƙinka zai tashi daga miliyan 4 zuwa sama da miliyan 5 da dubu 700. Ka kuma duba ko sun lissafa kayan da wasu suka ajiye amana a wurinka, ko sun yi amfani da farashin sayarwa maimakon na saye.

Batun makara kuwa mai sauƙi ne. Wa'adin sanarwa ba ya gaza kwanakin aiki 5, kuma ko ka wuce shi, sashe na 20 bai yarda a hana ka haƙƙinka ba sai idan sharaɗin yana rubuce cikin yarjejeniyar, kuma kamfanin ya nuna cewa jinkirin ya jawo masa asara.

Kada ka sa hannu a takardar da ke cewa ka karɓi cikakken haƙƙinka kafin a kammala wannan bincike. Kada kuma ka dogara da alkawarin baki ko kiran waya, domin sashe na 28 ya ba ka shekara 2 kacal ka shigar da ƙara. Ka aika musu wasiƙa mai rajista wadda za a sa hannu an karɓa, kana neman a biya ka, saboda irin wannan wasiƙa tana katse ƙirgen wa'adin. Idan suka yi shiru, ka kai koke sashen kula da harkokin inshora na ma'aikatar kuɗi a Yamai, sannan ka tafi wurin lauya da yarjejeniyar gaba ɗaya, har da shafukan ƙananan rubutu.