Ka leƙa ƙarƙashin benci tukuna

Bashir, jiya muna tattara kayan aiki ka yi mini tambaya, sai aka kira Magariba ban samu na amsa maka ba. Ka ce likita ya umarci kawunka da ya rage teɓa, shi kuma ya ce tunda a shagonmu ake ƙera benci da ƙarafan ɗagawa, kai za ka zaɓa masa wurin motsa jiki. Wurare biyu ne a ranka: wani sabo mai madubi bango guda da na'urar sanyaya ɗaki, da wani tsoho marar kyan gani da ke kusa da gidansa. Ka ce, "Maigida, me ake dubawa?" To ga shi na rubuto maka, don na san halinka da mantuwa.

Shekara uku kana riƙe mini ƙarfe ina walda, saboda haka kada ka shiga wurin da idon ɗan kallo. Madubi zai fara ɗauke maka hankali, dama don haka aka manna shi. Ka wuce shi, ka je wurin bencin da ake kwanciya a tura ƙarfe sama, ka durƙusa ka leƙa ƙarƙashinsa, daidai inda ƙafa ta haɗu da gadon baya. Ka san walda mai kyau: tana tafiya sumul kamar an jera kwabbai wani kan wani, ta zagaye fayif ɗin gaba ɗaya. Wadda aka ɗiga nan aka ɗiga can, ba a ko kankare kashinta ba aka lulluɓe da baƙin fenti, wannan ranarta kawai take jira. In ka ga siririn layin tsatsa ya ɓullo ta cikin fenti a gefen walda, tsagewa ce, gumi ya riga ya sami hanya. Sannan ka ƙwanƙwasa ƙarfen da sifana ka saurara. Fayif mai kaurin milimita 3, irin wanda ya dace da abin da zai ɗauki mutum da nauyinsa, amonsa daban ne da na siririn fayif da muke yin ƙofar shago da shi. Kunnenka ya san bambancin ko da idonka a rufe.

Tun kafin ka zo wurina aka taɓa kirana wani wuri a nan cikin Birnin Kebbi. Benci ne ya durƙushe da mutum yana riƙe da kilo 80 a saman ƙirjinsa. Allah ya kiyaye, sandar ta zame gefe, ya tsira da targaɗe a kafaɗa. Da na kawo bencin shago na yanka, sai ga fayif ɗin ƙofa, ɗigon walda huɗu kacal ke riƙe da ƙafar. Amma ka ga ledar da aka rufa masa, ja wur, da ɗinki kamar kujerar sabuwar mota. Kyan ɗan maciji. Mai wurin ya zuba kuɗinsa a tayil da fitilu masu launi, ya ba wanda ya fi araha aikin ƙarfe. Tun daga ranar, duk inda na shiga, da gwiwa nake fara gaisawa da wurin.

Daga benci ka koma kan sandar. Cikakkiyar sanda, irin ta gasar Olamfik, nauyinta kilo 20 ne, tsawonta mita 2.2, kaurin kawunanta biyu inda ake zura faifan nauyi kuma milimita 50. Ta mata kilo 15 ce. Ka ajiye ta a ƙasa ba komai a jikinta, ka mirgina ta da ƙafa. In tana ɗingishi, ta lanƙwashe. Ka murza kawunan da hannu, ya kamata su juya ba gardama. In sun cije don ba a taɓa sa musu mai ba, wuyan hannun mai ɗagawa ne zai biya bashin. Ka duba ko akwai maƙallan da ke hana faifai zamewa, domin sau da yawa za ka tarar sun ɓace an ci gaba a haka. A wurin da ake tsugunnawa da ƙarfe a kafaɗa kuwa, lallai ne a sami ƙarafa biyu a gicciye, hagu da dama, waɗanda za su tare sandar in ƙafa ta gaza.

Ban ce ka raina ƙirar gida ba. Mu da siminti a gwangwanin fenti muka fara, sai tsofaffin ƙarafan birkin mota, kuma abincinmu ke nan har yau. Sai dai faifan gida yana buƙatar sikeli. Na taɓa ɗora biyu da aka rubuta wa 20 a jiki, ɗaya ya ba ni 18, ɗayan 21, kuma mutane na ta ɗaga su a sanda ɗaya suna mamakin abin da ke sa kafaɗa guda ciwo.

Injunan da ake ja da kebur, kada ka bi wayar da tafin hannu. Ka sami tsumma ka shafa tun daga sama har ƙasa, musamman inda take lanƙwasawa a kan 'yar taya. Duk inda tsumman ya maƙale, robar ta fashe, zaren ƙarfen ciki ya fara tsinkewa. Wurin da ya bar kebur a haka yana naɗe shi da salatif, ka riga ka san sauran labarinsa.

Amma gaskiya kawunka ba ɗan ɗaga ƙarfe ba ne, injin tafiya zai fi hawa, kuma a nan sabon wurin zai burge shi. Ka hau da kanka. In bel ɗin yana ɗan tsayawa ko yana zillewa duk lokacin da ka taka, ko kana jin ƙaurin roba, ba a kula da shi. Ƙarƙashin bel yana son man silikon lokaci-lokaci, ƙurar hunturunmu kuma tana shiga cikin injin ta toshe shi in ba a buɗewa a share. Ka nemi ɗan jan makullin nan mai igiya da ake maƙalawa a riga, wanda ke kashe injin in mutum ya zame. Ka duba bayan injin, kada ya zama an manna shi da bango. Sannan ka yi tambayar da ba sa so: in an ɗauke wuta fa? Janareta ne, ko sola, ko sai a ce a yi haƙuri? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum ya sami aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako, da kwana biyu na ƙarfafa tsoka. Minti talatin sau biyar ke nan. Tafiyar, ko wajen filin wasa na Haliru Abdu ya je bayan Asuba zai same ta. Abin da zai biya kuɗi dominsa shi ne ƙarfe lafiyayye da mai nuna masa yadda ake yi.

Maganar sanyi kuwa, ka tuna watan Maris da Afrilu a garin nan, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Ɗakin da aka toshe tagoginsa saboda na'urar sanyi, da zarar janareta ya tsaya ya zama tanda. Ni na fi son tagogi masu fuskantar juna da fanka mai ƙarfi. Ka duba ruwan sha, da bayan gida, da wurin alwala, don yawancin mutane tsakanin La'asar da Magariba suke zuwa. A wannan lokacin za ka je kai ma, ka ga cunkoson da idonka. Da hantsi kowane wuri fes yake.

Mai horarwa kuma, ka tsaya gefe ka ga yadda yake karɓar sabon zuwa. In bai tambayi dattijo hawan jini ko ciwon gwiwa ko baya ba, ya miƙa masa ƙarfe kawai, ba ya tsoron Allah a sana'arsa. Kawu ya fara zuwa a auna jininsa, ko a asibitin Sir Yahaya ko wurin likitan da ya ba shi shawarar, ya zo da abin da aka ce masa. In kuwa ka ji mai horarwa yana tallar ƙwaya ko allurar kumbura jiki a bayan fage, ka kama hannun kawunka ku fita. Irin waɗannan suna taɓa hanta da zuciya.

In ka tambayi ra'ayina, tsohon wurin nan na kusa da gida na fi karkata gare shi, matuƙar ƙarfensa ya ci jarrabawa. Mutumin da ke Badariya, in sai ya hau kabu-kabu zuwa Gesse kullum ya dawo, mako uku zai yi ya fara cewa gobe. Kuma kada ya biya kuɗin shekara ko an yi masa ragi. Ya biya na yini ɗaya a kowanne, sannan na wata guda a wanda ya kwanta masa.

Yau in mun idar da La'asar ka ɗauki sifana da tsumma ka je ka duba duka biyun. Ka ɗauko mini hoton ƙarƙashin bencinsu a wayarka in gani. Amma kafin nan ka gama goge ƙofar Alhaji, gobe da safe zai aiko a ɗauka.